Allah Ɗaya, Gari Bamban: Daga Nima Zuwa Salaga Ta Tsohuwar Hanyar Goro

A wannan wata muna tafe muku da labarin wata tafiya da muka yi cikin hunturun da ya wuce, daga Nima ta birnin Ankara har zuwa Salaga, daga can muka zarce Tamale da Larabanga, sa'an nan muka komo gida ta Kintampo. Abin da ya tashe mu ɗaurin auren ɗiyar wani ɗan'uwa ne a Salaga, amma tsarabar da muka dawo da ita ta fi goro da dabinon biki, shi ya sa muka ga bai kamata mu riƙe ta mu kaɗai ba.

Mu bakwai ne cikin mota ɗaya. Jagoranmu wani dattijo ne na unguwarmu wanda ya ba shekara tamanin baya, ya kuma ƙarar da ƙuruciyarsa cikin fataucin goro. Kowa Baba yake ce masa. Huɗu daga cikinmu magidanta ne, biyu kuwa samari, waɗanda aka haifa a Nima, suka girma a Nima, ba su taɓa wuce Kumasi ba.

Ɗaya daga cikin samarin nan da fushi ya shigo mota. Ashe kwana biyu kafin tafiyar ya je wani ofishi neman takardar shaidar ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya dubi sunansa, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce ina ne garinku? Yaro ya ce Nima. Aka ce masa Nima ba garin kowa ba ce, ya je ya zo da shaidar inda aka haifi kakansa. Haka ya dawo gida hannu rabbana. Ba mu ko fita gari ba ya fara: "Baba, mu fa a ƙasar nan baƙi ne, ko za mu shekara dubu. Ba sa son mu, mu ma ba ruwanmu da su." Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, ajiye maganar nan tukuna. Buɗe idonka ka yi ta duban itatuwa har mu isa Salaga. Can zan ba ka amsa."

Daga bakin teku zuwa kurmi

Mun tashi bayan sallar asuba. Wanda ya saba da Ankara ya san ƙasarta fili ce mai gajeriyar ciyawa da darbejiya jefi-jefi. Mutane da yawa suna zaton duk kudu ruwa ne, duk arewa fari ne, alhali kuwa ruwan saman da ke sauka a Ankara a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, Tamale kuwa tana samun wajen 1,100, Kumasi wajen 1,400, Axim da ke can yamma a bakin teku fiye da 2,000. Kudu tana da damina biyu a shekara, arewa ɗaya tak. Wannan rabon ruwa shi ne ya raba wa kowane yanki irin itacensa da irin tuwonsa.

Da muka wuce Nsawam, inda mata masu burodi suka yanyame motar, sai ƙasa ta fara sauya riga. Kafin mu kai Suhum mun shiga kurmi sosai: ga rimi ya yi sama kamar hasumiya, ga gonakin koko a ƙarƙashin inuwa, ga ayaba da kwakwar manja da gwaza, ko'ina kore shar, ba ka ganin jar ƙasa sai a bakin hanya. A hannun hagu duwatsun Atewa ne lulluɓe da hazo. Daga cikinsu kogin Densu da Birim da Ayensu suke ɓuɓɓugowa, Densu kuwa shi ne ke cika madatsar Weija wadda yammacin Ankara ke sha. Wato mai alwala a wannan ɓangare na birni, da ruwan dutsen Akyem yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma murnarmu ta ragu da muka hau gadar Birim a Anyinam. Ruwan ya koma kalar kunu saboda masu haƙar zinariya ta hanyar galamse, gefen kogi duk ramuka, gonakin da aka tumɓuke sun zama tabkunan laka. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce a zamanin da yake bin hanyar nan da lodin goro, a kogin nan direbobi ke tsayawa su sha, su cika goruna. Muka yi shiru har Nkawkaw, inda dutsen Kwahu ya tsaya a kan gari kamar bango.

Kumasi, gidan goro

Tsakanin Ankara da Kumasi kimanin kilomita 250 ne, amma cunkoson hanya ya sa sai bayan azahar muka sauka a zango. Da la'asar Baba ya ja mu zuwa wani ɗakin ajiyar goro na abokan cinikinsa na da. Mata na zaune suna tsince goro, suna ware fari da ja, marsa da minu, suna jera shi cikin kwando da ganye don kada ya bushe, maza na ɗaure huhu. Baba ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa saurayin nan, ya ce, "Ka taɓa jin an ɗaura auren Bahaushe ko an raɗa wa ɗansa suna ba goro?" Ya ce a'a. "To, ka taɓa jin gonar goro a Kano ko Katsina ko Damagaram?" Ya ce a'a. Baba ya ce, "Ashe ke nan auren uwarka da ubanka da ɗan itacen gonar mutumin kurmi aka ɗaura shi."

Gaskiyar Baba ce. Itacen goro yana son inuwa da laima da ruwa mai yawa, ba ya jure hunturun ƙasar Hausa. Ga shi kuwa babu al'ummar da ta ɗauke shi ta ba shi daraja irin Hausawa.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa 'yar Asante ta shigo da sanda. Tana ganin Baba ta tafa hannu ta ce, "Kramo, akwaaba!" Shi kuma ya miƙe yana "Maame, Maame," suka shiga gaisuwa rabi Twi rabi Hausa, suna tambayar 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Bayan ta tafi ya gaya mana shekaru masu yawa tana ba shi goron ƙauyensu bashi, sai ya sayar ya kawo kuɗi, ba takarda ba shaida. Shekarar da lodinsa ya lalace a hanya, ita ce ta ce ya bari sai baɗi.

Wannan zama kuwa ya daɗe. Tun farkon ƙarni na 19 Turawan da suka ziyarci Kumasi sun tarar da malamai Musulmi a fadar Asantehene suna rubuta masa wasiƙu da Larabci. Babbar rigar yaƙin sarkin Asante ma batakari ce irin ta arewa, an lulluɓe ta da layu.

Inda kurmi ke gaisawa da daji

Washegari, maimakon babbar hanyar Tamale, sai muka bi ta Mampong, domin ita ce ta fi kusa da tsohuwar hanyar Salaga. Bayan mun sauka daga tudun Mampong muka doshi Ejura, sai itatuwa suka fara gajarta suna ba juna wuri. Koko ya ɓace, masara da wake da doya suka karɓi fili. Iska ta bushe, leɓe ya fara tsagewa. Tsakanin Ejura da Atebubu ɗaya saurayin ya yi ihu ya ce ga kuka. Can kuma sai ga ɗorawa, sai ga kaɗanya, sai gamba ta fi mutum tsawo. Baba ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, kun fara karatu."

A kasuwar doya ta Atebubu muka tsaya shan ruwa. Cikin ɗan lokacin da muka yi, mun ji Twi na Bono, mun ji harshen Konkomba waɗanda suka shahara da noman doya, mun ji Dagbani da Dagaare da Fulatanci, in ciniki ya cije kuma sai a koma Hausa ko Twi. Masana suna ƙidaya harsuna fiye da saba'in a Gana, ƙasar da ƙidayar 2021 ta ce mutanenta sun kai miliyan 30.8.

Baba ya ce mu lura da abu ɗaya: Techiman, Kintampo, Ejura, Atebubu, Salaga, duk manyan kasuwannin nan a kan gaɓa ɗaya suke, inda kurmi ya ƙare daji ya fara, ko kusa da ita. Dalili kuwa a fili yake. Ayarin fatake da jakuna yake tafiya, ƙudan tsando na kurmi kuwa yana sa wa jaki da doki sammore su mutu. Bugu da ƙari, sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su kutsa har gindin goro ba. Saboda haka mutanen kurmi su ɗauko goro a ka su kawo, mutanen arewa su sauke kayansu su jira. Inda suka sauke kayan nan, shi ne zango.

Fito a Yeji

Muka wuce Prang, garin da ya yi suna da taron Maulidi, muka isa Yeji da yamma. Nan hanya ta ƙare, ruwa ya fara. Tafkin Volta bai cika shekara saba'in ba a duniya. An gama madatsar Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, ruwa ya taru ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka ta da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Wutar da muke kunnawa a Nima, akwai gidajen waɗansu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashinta.

Ruwan ya kori waɗansu, ya kuma jawo waɗansu. Yeji ƙasar Chumburu ce, amma masuntan da suka cika bakin ruwa yawancinsu Ewe ne da mutanen Ada da Fante, waɗanda suka biyo kifi daga kudu. Hayaƙin banda ya rufe gari, kwandunan kifi jibge suna jiran motocin Kumasi da Ankara.

Da safe muka shiga jirgin fito zuwa Makango, mu da manyan motoci da babura da akuyoyi da mata masu goyo. A tsakiyar ruwa ana hango kawunan matattun itatuwa sun leƙo, ragowar dajin da ruwa ya cinye, su ne kuma abin tsoron masu kwalekwale. Baba ya so ya yi nafilar walaha, wuri ya yi ƙunci. Wata mata mai sarƙar gicciye a wuya, ba wanda ya roƙe ta, ta janye buhunan gawayinta, ta kakkaɓe wurin da gefen zanenta ta ce, "Papa, ga wuri." Muka lura saurayinmu yana kallonta, bai ce komai ba.

Can ƙasa da mu a wannan ruwa tsohuwar Kete-Krachi take kwance, garin da Alhaji Umaru ya zauna. Haifaffen Kano ne, ya yi zama a Salaga, ya koma Krachi ya karantar da ɗalibai, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ya rasu a 1934. Malaman zango da yawa a ƙasar nan silsilar karatunsu a wurinsa take tuƙewa.

Salaga

Wanda ya ji sunan Salaga a bakin tsofaffi, in ya zo zai yi mamakin ƙanƙantarta. Gari ne mai natsuwa, mai ƙura da mangwaro da tsofaffin rijiyoyi birjik, har ana yi mata kirari da gari mai rijiya dubu. Amma a ƙarni na 19 nan ce matattarar Gwanja da kowane falke ke mafarki. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, madugu a gaba, su keta Yawuri da Borgu da Jugu da Sansanne Mango da Yendi, wata da watanni a hanya, ɗauke da kanwa da baƙaƙen rigunan Kano da jar fata da gabu da dabbobi, su koma da goro. Masu ƙasa Gwanjawa ne, sarkinsu yana Kpembe nan kusa, su suka ba baƙi wurin sauka.

Sai dai in za a faɗi tarihi a faɗe shi duka. Ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar Salaga ba, an sayar da mutane. An kai mu wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke waɗanda aka kamo daga ƙauyukan arewa kafin a kai su kasuwa. Sunan wurin da Hausa yake, wannan kuwa ya ishe mu sanin cewa akwai hannun namu a ciki. Jikokin waɗanda aka yi wa haka su ne maƙwabtanmu a yau, waɗansu ma suna cikin jininmu. Duk ranar da bakinmu ya yi kuskuren kiran wani da sunan raini saboda tsagar fuskarsa ko harshensa, ya kamata mu tuna da wurin nan mu ji kunya.

Faɗuwar Salaga ma darasi ce. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, Gwanja ta gabas ta fita daga hannun Asante, goro ya karkata zuwa Kintampo. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi har bakin teku. Zangunan kudu da yawa daga wannan watsewa suka ƙara cika. Shekara ɗari da biyu bayan haka, a 1994, faɗan ƙabilanci tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanjawa ya sake ƙone ƙauyukan wannan yanki, rayuka masu yawa suka salwanta. Mutanen Salaga sun san kuɗin zaman lafiya, don sun biya shi sau biyu.

An ɗaura aure lafiya. Uban amarya Bahaushe, uwarta Bagwanjiya, ango Badagwambe, makaɗan Dagwamba suna ta zuba kirari, aka ci tuwo da miyar kuka, aka ci fufu, aka ci shinkafa da wake. Da dare muna zaune a tsakar gida sai Baba ya kira saurayin nan ya ce, "Ɗana, me ka gani a hanya?" Ya ce, "Baba, na ga inda goro yake babu kaɗanya, inda kaɗanya take babu goro."

Baba ya ce, "To, amsarka ke nan. Da Allah ya sa goro yana yi a Kano, da kakanka bai taka ƙasar nan ba. Da kanwa da shanu suna yi a Kumasi, da ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma. Bambancin nan da kake jin haushinsa, shi ya kawo mu, shi ya ciyar da mu. In ƙasa duka iri ɗaya ce, wa zai sayi na wani?"

Sa'an nan ya ce mu ƙidaya kanmu mu bakwai. Aka fara. Wannan kakarsa Bakotokoliya ce, wancan uwarsa Bamosa, direbanmu ubansa Bazabarme, wani kakarsa 'yar Ga ce daga James Town, shi kansa mai fushin ashe kakarsa ta wajen uwa Bagwanjiya ce. Aka yi ta dariya. Baba ya ce, "Kai da kake cewa mu da su, nuna mini a jikinka inda mu ya ƙare, su ya fara. Zango ai ƙwarya ce, Hausa ce furar da aka dama a ciki, amma masu sa ludayi Wangara ne da Mosi da Fulani da Yarbawa da Barebari da Busanga da sauransu."

Game da ofishi kuwa bai ce a haƙura ba. Ya ce haƙƙi haƙƙi ne, yaro ya tattara takardar haihuwarsa da ta iyayensa, ya nemi sarkin zango ya raka shi, ya koma, in an ƙi ya sake komawa. Ya tuna mana 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka ga waɗanda aka haifa a nan suna hawa manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ya kuma tuna mana 1983, da Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya. Ya ce, "Na ga duka biyun da idona. Kowa baƙo ne a wani wuri. A wancan karo na farko, wanda ya riƙe mini makullin shagona har ƙura ta lafa, ba ɗan zango ba ne."

Tamale, Mole da Larabanga

Tun da mun zo har nan, muka ce gani ya kori ji, bari mu ƙarasa. A Tamale, garin babura, inda mata ke tuƙi da goyo a baya, samarinmu suka koyi rusunawa suna amsa gaisuwa da "Naa." Suka ji ana cewa "dasiba" da safe, ana ce wa baƙo "amaraaba," suka ce ai wannan kamar namu ne. Muka ce haka zama yake. Gana duka tana cin waakye da tuwo zafi da koko da ƙosai da sunayensu na Hausa, mu kuma a gidajenmu banku da kenke da shito sun zama abincin gado.

Daga Tamale muka yi yamma zuwa Damongo, mazaunin Yagbonwura babban sarkin Gwanja, kuma hedkwatar Jihar Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Gandun dajin Mole yana nan kusa. Shi ne mafi girma a ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 4,500, an mai da shi gandun ƙasa a 1971. Da sassafe wani ma'aikaci mai bindiga ya shige mana gaba muka gangara da ƙafa. Mun ga mariya garke guda, mun ga gwambaza da mazo, ga gadu yana kiwo a durƙushe, ga gwaggon biri yana harararmu, burtu na takawa kamar basarake. A bakin tabki kuwa sai ga giwaye uku suna watsa wa kansu ruwa. Samarin da suka cika mu da surutu tun daga Ankara, nan bakinsu ya mutu.

Ma'aikacin ya tsuguna ya tona kashin giwa da sanda, ya nuna mana ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki. Ya ce giwa ta ci a nan ta kayar a can, ita ce mai shukar daji. Carki yana cire wa ɓauna kaska, gara tana juya ƙasa, ungulu tana share mushe. Ya ce in ka cire ɗaya, sai ka jima kafin ka gane abin da ka rasa. Ya kuma koka da yadda aka yi shekaru ana sare madobiya a dazukan arewa ana lodinta zuwa Sin, duk da gwamnati ta hana fiye da sau ɗaya, da yadda ake ƙone kaɗanya a yi gawayi, itacen da kan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, wanda kuma da man sa matan arewa ke biyan kuɗin makarantar yara. Da muka ji haka sai muka dubi juna, domin mun san a murhun wa gawayin nan ke ƙarewa.

A Larabanga muka ziyarci tsohon masallacin nan na ƙasa da itace, fari fat, da kuka a jikinsa. Mutanen garin, Kamara, suna cewa tun 1421 yake tsaye. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin gyaransa. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar a ƙarfafa shi, ashe siminti ya hana ginin ƙasa numfashi, laima ta taru a ciki, gara ta cinye itatuwan, bango ya fara zubewa. Sai a farkon shekarun 2000 aka kankare simintin aka koma yaɓe irin na da, masallaci ya samu lafiya. Baba ya ce, "Kun ji ko? Kowane abu da irin yaɓen da ke karɓarsa. Haka mutane suke."

Hanyar gida

Mun komo ta Buipe, inda muka sayi wagashi a hannun matan Fulani, muka tsallake Baƙin Volta, muka kwana a Kintampo, garin da ake ɗauka shi ne cibiyar Gana. Washegari muka ratse zuwa Boabeng da Fiema, ƙauyuka biyu kusa da Nkoranza, inda birai ke zaune da mutane. Iri biyu ne: ƙanana masu shiga gida su saci ayaba a gaban mai ita, da waɗansu baƙaƙe masu farar jela da ke can ƙololuwar itace suna cin ganye. Al'adar garin ta hana a taɓa su, in ɗaya ya mutu ma binne shi ake yi a maƙabartarsu. Wannan ba aƙidarmu ba ce, ba mu kuma ce kowa ya ɗauka ba. Amma mun ga abin da idonmu ya gani: ko'ina a kewaye an share daji, a nan kuwa manyan itatuwa suna tsaye, inuwa na nan, rafi na gudu. Abin da mutum bai yarda da shi ba ma, yana iya samun abin koyi a wurin masu shi.

To, jama'a, ga abin da muka ƙulla a bakin zane. Na farko, mu riƙa fitar da yaranmu su ga ƙasarsu. Yaron da bai san komai ba sai lungun Nima ko Aboabo ko Sabon Zango, duk abin da aka gaya masa game da sauran mutane zai yarda. Kuɗin ankon biki ɗaya ya isa ya kai yaro Salaga ya dawo. Na biyu, mu koyi harshen masu masaukinmu, mu kuma riƙe namu. Filin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a kai a farkon ƙarni na 20, sarakunan Ga ne suka bayar, gaisuwa da harshensu ba ta rage mu da komai. Na uku, mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa tun yana cikin zanen goyo, kada jikokinmu su sha irin tambayar da aka yi wa yaron nan. Na huɗu, kogin da ya zama laka da kaɗanyar da ta zama gawayi namu ne mu ma, kada mu ce na mutanen ƙauye ne.

Manyanmu sun riga sun nuna hanya. A 2019, lokacin da Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya cika shekara ɗari, da ƙafarsa ya je cocin Katolika na Christ the King a Ankara ranar bikin Ista ya gaishe su, bai kuwa fasa zama limami ba.

Saurayinmu ya koma ofishin nan tare da wakilin sarkin zango da takardun iyayensa. Har lokacin da muke wannan rubutu takardar ba ta fito ba, an ce ya dawo wata mai zuwa, ya kuma ce zai koma. Amma ran nan mun ji shi a bakin famfo yana gaida wata tsohuwa 'yar Ewe da harshenta, tana dariya tana gyara masa. Da aka gaya wa Baba sai ya ɓantari goro ya ce kuɗin man mota bai tafi a banza ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu haƙurin zama da juna, ya jiƙan magabatanmu da suka sha ƙurar hanyar Gwanja. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.